Tsima 'Ya'yan Gahawa a Rufaffen Mazubi: Daga Tsinka Zuwa Ɗanɗano

Idan ka taɓa kurɓar gahawa ka ji ƙamshin abarba ko na kirfa yana tasowa, alhali babu abin da aka zuba mata sai ruwan zafi, to akwai kyakkyawan zato cewa aikin tsimi ne ka ɗanɗana. Ƙwayar gahawa ba tsirara take fitowa daga bishiya ba. Tana cikin wani ɗan itace ja, ƙarami, mai fata a waje, sai 'yar tsoka, sai wani yauƙi mai zaƙi da ya manne wa ɓawon ciki, sannan ƙwayoyi biyu kwance fuska da fuska. Wannan yauƙin shi ne abincin ƙananan halittun da ido ba ya gani, kuma duk maganar tsimi a kansa take.

Shekaru da yawa manoma ba su ɗauki tsimi a bakin komai ba face hanyar raba ƙwaya da yauƙi. A ɓare 'ya'yan, a tara su a kwarmin siminti, a bar su awa 12 zuwa 36 har yauƙin ya saki, a wanke, a shanya. Abin ya sauya salo ne lokacin da masu sana'ar suka fara lura da yadda masu sarrafa inabi ke juya tsimi yadda suke so. A 2015 Sasa Sestic na ƙasar Ostireliya ya lashe gasar duniya ta masu haɗa gahawa a birnin Siyatil na Amurka, da wata gahawa nau'in Sudan Rume da aka noma a Kolombiya aka tsima ta cikin rufaffen tanki mai iskar kabon, dabarar da aka aro daga yankin Bojole na Faransa. Tun daga lokacin kowa ya shiga rufe duro.

Matsalar ita ce rufe duro ba wuya, kuma yawancin masu rufewa ba su san me ya faru a ciki ba. In gahawar ta yi daɗi ba za su iya maimaitawa ba, in ta lalace ba su san inda suka kuskure ba. Wannan jagora an tsara ta ne don ka yi gwajin da za ka iya sake yi baɗi ka samu abu ɗaya.

Wa ke aiki a cikin mazubin

Rukuni uku ne ke rububin sukarin yauƙi. Akwai yis, wanda ke cin sukari ya fitar da barasa da iskar kabon da sinadaran ƙamshi masu kama da na 'ya'yan itatuwa. Akwai bakteriya masu samar da tsamin madara, irin su Leuconostoc da Lactobacillus, waɗanda tsaminsu mai laushi ne a harshe. Sai na uku, bakteriyar da ke mayar da barasa ruwan khal, irin su Acetobacter, kuma su ba sa iya aikinsu sai da iskar oksijin. To ka ga amfanin rufe mazubi ke nan: kana toshe wa rukuni na uku numfashi, ka bar na ɗaya da na biyu su ci kasuwarsu. Ɗan khal kaɗan ba laifi ba ne, yana ƙara wa gahawa kaifi, amma in ya yi yawa kofin zai riƙa sukar hanci.

Abu na biyu da ake mantawa: ƙwayar tana da rai. Iri ce, tana numfashi, tana sarrafa sukarin jikinta, kuma zafi da rashin iska suna sauya abin da ke gudana a cikinta. Saboda haka ɗanɗanon da ka samu ba daga waje kaɗai ya shiga ba. Idan zafi ya kashe ta da wuri, gahawar takan yi saurin tsufa a buhu, bayan 'yan watanni ta koma ɗanɗanon katako.

Mataki na ɗaya: tanadin kaya

Kana buƙatar bokitai na roba masu cin lita 20, irin waɗanda aka yi don abinci, masu murfin da ke kamawa gam. Kada ka ɗauki wanda aka taɓa zuba mai, fenti ko maganin ƙwari, ko da an wanke shi sau goma, domin gahawa tana kwasar wari fiye da yadda kake zato. A kan kowane murfi ka huda rami ɗaya, ka soka siririn tiyo, ka liƙe gefensa yadda iska ba za ta bi ba, ɗaya bakin tiyon kuma ka nutsar da shi cikin kwalba mai ruwa. Iskar ciki za ta fita ta yi kumfa a kwalbar, ta waje kuma ba ta da hanyar shiga. Kusa da gindin bokitin ka sa ƙaramin famfo, don ka riƙa tatsar ruwan gwaji ba tare da buɗe murfi ba.

Sai ma'aunai huɗu: na zafi mai dogon tsinke, na tsami wanda ke nuna lambar pH, na sukari wanda ake ɗiga masa ruwa a leƙa a karanta lambar Brix, da na laimar ƙwaya. Ka haɗa da sikeli da littafi da biro. Na'urar pH ba ta da amana in ba a saita ta ba, don haka ka sayi ruwan saiti mai lamba 4 da mai lamba 7 ka daidaita ta kafin kowane gwaji. In kuɗinka bai kai duka ba, fara da ma'aunin zafi da na pH, na laima kuma ka aro. Littafin dai ba a aronsa.

Mataki na biyu: tsinka da tacewa

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Tsimi ba ya gyara ɗanyen ɗa. Sukarin da halittun nan za su ci a cikin nunannen ɗa yake, don haka a tsinko jajaye da suka nuna sosai kawai, a bar kore da masu ratsin kore a bishiya, a ware waɗanda suka bushe suka yi baƙi. Ka matse 'ya'ya goma daga wurare daban-daban na tarin, ka auna ruwansu ɗaya bayan ɗaya. Nunannen ɗan gahawar Arabika yakan nuna Brix tsakanin 18 da 24. Idan kana ganin 14 ko 15, ka yi wankin gargajiya kawai ka huta, ba wannan tarin ne na gwaji ba.

Daga nan ka zuba su cikin ruwa mai tsabta. Masu lafiya za su nutse, waɗanda ƙwari suka ci ko ƙwayarsu ba ta cika ba za su taso sama, sai ka kwashe su. Wannan wankan yana kuma rage ƙura da zafin gona. Ka yi duk wannan a ranar da aka tsinko, cikin 'yan awoyi. 'Ya'yan da suka kwana a buhu sun riga sun fara tsima da kansu cikin zafi, kuma agogonka ba zai ƙirga waɗannan awoyin ba.

Mataki na uku: raba kashi, ka ware na shaida

Nan ne ake bambanta mai gwaji da mai caca. A ce ka tara kilo 80 na tatattun 'ya'ya. Ka cakuɗa su sosai, ka raba huɗu, kowane kashi kilo 20. Kashi na farko ka sarrafa shi yadda ka saba yi kullum, a buɗe, ba sabon abu. Shi ne kason shaida, wanda za ka riƙa auna sauran da shi. Ukun da suka rage za su shiga rufaffen bokiti, kuma abu ɗaya tak zai bambanta su: tsawon lokaci. Ɗaya awa 24, ɗaya 48, ɗaya 72. Gona ɗaya, rana ɗaya, inuwa ɗaya, shanya iri ɗaya.

Zuciya za ta riƙa raya maka ka zuba wa wannan yis, wancan gishiri, na ukun kuma ka kai shi rana. Ka danne ta. In ka sauya abu uku a lokaci guda, kofin da ya yi daɗi ba zai gaya maka wanne ne ya kawo daɗin ba. Kuma kada ka raina ƙanƙantar kashin: kilo 20 na 'ya'ya zai ba ka wajen kilo uku da rabi na busasshiyar ƙwaya, tunda kilo biyar zuwa shida ne ke fitar da kilo ɗaya. Ya isa a gasa a ɗanɗana sau da yawa, in ya lalace kuma ba ka yi asarar kaka ba.

Shawarata a gwajin farko ka ɓare 'ya'yan, ka cire fatar ka bar yauƙin a jiki. Ɓararriyar gahawa ta fi sauƙin aunawa, ta fi saurin bushewa, haɗarinta kuma ya fi ƙanƙanta. Tsima 'ya'ya da fatarsu ya fi ba da ƙamshi mai ƙarfi, amma ka bar shi sai hannunka ya faɗa.

Mataki na huɗu: zubawa da rufewa

Wanke bokitan da ruwan zafi, ka ɗauraye har babu ɗuriyar warin sabulu. Zuba gahawar, ka ɗan girgiza ta zauna, kada ta wuce kashi huɗu cikin biyar na bokitin. Na taɓa cika wani duro maƙil don ƙyashin barin wuri. Cikin dare kumfa ta taso ta shiga tiyo, wata ƙwaya ta maƙale a ciki ta toshe hanya, da asuba na tarar murfin ya yi tsalle gefe, yauƙi ya fantsama har bango, ƙudaje sun riga ni zuwa. Awa talatin na aiki ta tafi a banza saboda tazarar yatsu huɗu da na hana shi. Amma kada kuma sararin ya yi yawa, don iskar da ke cikinsa oksijin ce, kuma za ta ɗauki lokaci kafin kabon ya kore ta.

Kafin ka rufe, rubuta awa, nauyi, zafin gahawar, zafin ɗakin, pH da Brix. Sabon yauƙi yakan fara da pH wajen 5.5 zuwa 6. Rufe, ka manna wa kowane bokiti lamba, ka ajiye su a inuwa mai sanyi, a kan katako ba a kan simintin da rana ta gasa ba.

Wurin ya zama mai shan iska. Kabon ya fi iskar da muke shaƙa nauyi, yana kwanciya ƙasa, ba shi da launi. Bokiti uku ba wani abin tsoro ba ne, amma ranar da ka koma manyan tankuna a rufaffen ɗaki, iskar tana iya sumar da mutum har ta kashe shi. Kada kowa ya zura kansa cikin tankin da aka buɗe yanzu.

Mataki na biyar: gadi

Bayan awoyi kaɗan, wani lokaci sai an kai rabin yini, kwalbar za ta fara ɓul-ɓul. Kowace awa shida ko takwas ka zo ka tatsi cokali biyu ta famfon ƙasa, ka auna pH da Brix, ka shinshina, ka rubuta. Murfi dai kada ka taɓa shi. Kowace buɗewa gayyata ce ga masu yin khal.

Zafi shi ne linzamin aikin. Tsakanin digiri 18 da 22 na Salshiyas tsimi yana tafiya a hankali, ya ba ka sararin lura da tsayarwa inda kake so. Da zarar ya haura 30 abubuwa na gudu, abin da zai ɗauki kwana uku sai ya faru cikin yini ɗaya, sau da yawa da wari mai nauyi. Tsimi da kansa yana haifar da zafi, don haka tsakiyar gahawar ta fi gefenta ɗumi. In kana iya huda wani rami a murfi ka kafa tsinken ma'aunin zafi ya kai tsakiya ka liƙe, ya fi. Idan wurinka mai zafi ne, ka tsoma bokitan cikin babban baho mai ruwan sanyi, ko ka lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu inda iska ke kaɗawa.

Lambar pH za ta riƙa sauka yayin da tsami ke ƙaruwa, da sauri a farko, sannan ta lafa. A wajen 4.5 yauƙin ya saki sosai, nan ne wankin gargajiya yakan tsaya. Daga 4.5 zuwa 4 ake samun yawancin abin da masu gwaji ke nema. In ta gangara ƙasa da 3.8 ka shiga filin da garin neman gira ake rasa ido. Brix ma zai sauka, sai dai ka karanta shi da hattara: barasar da ke taruwa tana ruɗa na'urar, ta nuna sukari fiye da wanda ya rage. Ka dubi yadda lambar ke tafiya daga awo zuwa awo, kada ka rataya a kan lamba ɗaya.

Hancinka ma na'ura ne, kuma wani lokaci ya fi su saurin kawo labari. Ƙamshin nunanniyar ayaba, na ƙullin burodi ko na madarar da ta fara tsami, duk alamun lafiya ne. Idan ya koma irin na sinadarin goge farce, ko khal mai sa hawaye, an fara wuce gona da iri. In kuwa ka ji warin ruɓaɓɓiyar albasa, na amai ko na tsohon cuku, wasu baƙin bakteriya ne suka karɓe mazubin, kuma wannan kashin ba ya gyaruwa. Rubuta awar da abin ya faru, ka ware shi. Ko ɓataccen kashi yana da darasi in an rubuta.

Lokacin da ka tsara ya cika, ko pH ta kai iyakar da ka sa, duk wanda ya riga zuwa, sai ka buɗe. Damƙi gahawar a tafin hannu ka murza. In ta yi ƙaras-ƙaras kamar tsakuwa a ruwa, yauƙin ya rabu. Ɗauraye da ruwan sanyi mai tsabta sau biyu ko uku, ka kai ta shanya nan take. Buɗe murfi ba ya tsayar da tsimi, hasali ma sabon babi yake buɗewa tunda oksijin ta samu shiga.

Mataki na shida: shanya, inda gizo ke saƙa

Mutane na son hirar duro da tiyo, amma gahawar gwaji da yawa a kan shanya take mutuwa. Jiƙaƙƙiyar gahawa mai ɓawon ciki tana ɗauke da ruwa wajen rabin nauyinta, kuma sai ka sauko da shi zuwa kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari. Muddin tana da danshi halittun nan ba su daina aiki ba, ga kuma fumfuna tana jiran dama. Wasu nau'o'in fumfuna na dangin Aspergillus suna fitar da wata guba mai suna okratoksin A, mai cutar da ƙoda, kuma gashi ba ya kawar da ita gaba ɗaya. Ka ga maganar ta wuce ta ɗanɗano.

Yi amfani da gadon shanya mai raga, ɗagagge daga ƙasa, yadda iska za ta bi ta sama da ta ƙasa. Kwana biyu zuwa uku na farko su ne masu haɗari. Baza gahawar sirara, kauri bai wuce santimita biyu ko uku ba, ka riƙa juya ta akai-akai, ko da kowace rabin awa ce, har jikinta ya tsane ta daina manne wa hannu. A wannan lokacin sauri kake nema. Bayan haka sai ka juya akalar, ka nemi jinkiri: ka ɗan ƙara kauri, ka ja inuwa da tsakar rana, ka rufe da dare saboda raɓa. Ɓawon da rana ta ƙwala wa zafi yakan tsage, ya bar ƙwaya a fili. Kada zafin gahawar kanta ya wuce digiri 40. Sa hannu cikin tarin da azahar, in ka ji ya fi jikinka zafi sosai to a kai inuwa.

Ɓararriya takan ɗauki kwana 10 zuwa 15, mai fata kuma mako uku zuwa huɗu. Duk juyi ka tsince masu tabo da masu farin gashin fumfuna. Kowane kashi da gadonsa da lambarsa, kuma kowanne ya samu rana da juyi iri ɗaya, in ba haka ba kana gwada shanya ne kana zaton tsimi kake gwadawa. Tsofaffin hannu sukan ciji ƙwaya, in ta fashe ƙas ba ta lotsa ba su ce ta yi. Dabara ce mai kyau don sanin an kusa, amma hukuncin ƙarshe na na'urar laima ne. Masu saye na ƙwarai sukan auna wani abu kuma da ake kira kuzarin ruwa, wato yawan ruwan da ƙananan halittu za su iya amfani da shi, kuma suna so ya kasance ƙasa da 0.70.

Mataki na bakwai: hutu, gashi da ɗanɗano a makance

Kada ka yi gaggawar yanke hukunci. Sabuwar busasshiyar gahawa tana da ɗanɗanon ciyawa, tsimammiya kuma takan fito da kaifin da zai kwanta daga baya. Zuba ta da ɓawonta cikin leda mai hana iska, irin su GrainPro, a wuri mai sanyi da duhu, ta huta wata ɗaya zuwa biyu. Sannan a sussuke.

Wajen gashi a lura: tsimammiyar ƙwaya takan yi duhu da wuri, launinta ya nuna ta gasu alhali cikinta da saura, ƙarar fashewar farko da ƙwaya ke yi a kan wuta, wadda mai gashi ke saurara don sanin inda gashin ya kai, kuma ba ta fitowa sosai. A gasa dukan kashi huɗun da sauƙin wuta, iri ɗaya, a bar su su kwana. Ma'aunin da masu ɗanɗano suka saba da shi shi ne giram 8.25 na niƙaƙƙiyar gahawa ga mililita 150 na ruwa mai zafin digiri 93, a bar ta minti huɗu kafin a fasa kumfar saman da cokali.

Ka sa wani ya jera kofunan ya ɓoye lambobin a ƙarƙashinsu. Wanda ya kwana uku yana gadin bokiti ba zai iya yi masa adalci ba, zai ji abarba ko babu ita. Akwai wata jarrabawa mai sauƙi: kofi uku, biyu daga kason shaida, ɗaya daga na gwaji, a ce ka fitar da baren. In ka kasa fitar da shi sau da yawa, to tsiminka bai sauya komai ba, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Ka ɗanɗana da zafi, ka sake da ɗumi, ka sake bayan ta huce, domin aibin tsimi ya fi bayyana a sanyi. Ka kuma ajiye samfur ka maimaita bayan wata uku da wata shida. Gahawar da ta burge a watan farko ta rushe a na huɗu ba za ta riƙe maka mai saye ba.

Bayan ka gane lokacinka

Da zarar ka san awoyin da suka dace da gonarka, sai ka kafe su, ka ɗauko wani abu ɗaya ka sauya. Mafi amfani a ganina shi ne zuba zaɓaɓɓen yis. Maimakon ka dogara da duk halittar da iska da hannun mai tsinka suka kawo, sai ka shigar da runduna ɗaya mai yawa ta mamaye wurin tun farko. Kamfanin Lallemand yana sayar da irin wannan yis na gahawa da sunan Lalcafé, daga nau'in Saccharomyces cerevisiae, kuma abin da aka saba shi ne wajen giram ɗaya ga kowane kilo. Ana farkar da shi cikin ruwa mai ɗumi kafin a cakuɗa, bisa umarnin da ke jikin fakitin. Ribarsa ba ƙamshi mai ban mamaki ba ce, daidaito ne: na yau ya yi kama da na jibi. Wasu kuma sukan ɗebi ruwan tsimin da ya yi kyau su zuba wa sabon kashi a matsayin iri. Yana aiki, sai dai duk aibin da ke cikinsa shi ma za ka gada, don haka a yi amfani da shi da wuri kuma a shinshina kafin a zuba.

Dabarar Bojole ta bambanta da rufewa kawai ta fuska biyu: 'ya'yan suna shiga da fatarsu ba a fasa ba, kuma ana busa iskar kabon daga tukunyar gas ta ƙasan tanki har ta kore oksijin tun daga minti na farko. Kilo 20 na 'ya'ya masu fata na buƙatar duro mai lita 40. Tana son tanki mai jure matsi da na'urar rage ƙarfin gas, kuma shanyarta doguwa ce.

Masu neman tsamin madara sukan ƙara gishiri wajen kashi 2 cikin ɗari na nauyin gahawar, domin bakteriyar madara na jure gishiri fiye da abokan hamayyarta. Gonar La Palma y El Tucán ta Kolombiya ta yi suna wajen rarraba gahawarta bisa irin tsamin da aka nufa, na madara ko na khal. A yankin Kauka na ƙasar kuma Diego Bermudez na gonar El Paraíso ya shahara da girgiza gahawa da zafi da sanyi, wato a wanke ta da ruwa mai ɗumi sannan nan take da mai sanyi bayan tsimi. Akwai ma masu barbaɗa koji, fumfunar Aspergillus oryzae da Japanawa ke sarrafa shinkafa da waken soya da ita, don ta farfasa sitaci da sauran manyan sinadarai su zama abincin tsimi. Wannan kam ba na mai koyo ba ne. Kana renon fumfuna da gangan a ɗumi da danshi, yanayin da 'yan uwanta masu guba su ma suke so.

Sai zuba 'ya'yan itace ko kayan ƙamshi a cikin duro, abin da ya raba kan masu sana'ar. A 2024 ƙungiyar masu gahawa ta musamman ta Panama ta fitar da wasu samfura daga gasarta ta shekara saboda an same su da ƙarin ɗanɗano daga waje. Ni ban ga laifin mutum ya tsima gahawarsa da abarba ba, in dai ya rubuta a jikin buhu cewa da abarba aka tsima. Laifin yana wurin wanda zai zuba kirfa ya ce ƙasar gonarsa ce ta ba da ƙamshin. Ban da yaudara, akwai masu sha da jikinsu ba ya karɓar wasu abubuwa, kuma haƙƙinsu ne su sani.

Ranar da za ka tashi daga bokiti zuwa duro mai lita 200, kada ka kwafi awoyin kai tsaye. Babban tari yana riƙe zafinsa, tsakiyarsa na iya fin ta bokiti da digiri da yawa, don haka awa 48 ɗin da ta yi maka kyau tana iya zama 36. Ka bi pH da zafin da ka rubuta a littafi, ka fara da duro ɗaya, kuma kafin a tsinko ɗa ko ɗaya ka ƙirga gadajen shanyarka ka tabbata akwai inda za ka baza abin da zai fito sirara a ranar da za a buɗe.